Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai, Sarakunan Zango Da Magajiyoyin Kumasi Kan Yaran Da Muke Kira 'Yan Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai. Allah ya ja zamanin sarakuna. Iyayenmu magajiyoyi, ina gaishe ku da hidimar jama'a, Allah ya saka muku da alheri.

Ni 'yarku ce. A Aboabo aka haife ni, a nan na yi makaranta, aikina kuma jinyar jarirai. Na rubuto muku ne a kan wasu yara da ke cikin gidajenmu amma ba a ganinsu a wajen suna ko biki, ba a ganinsu a makaranta, ranar Idi ma a ɗaki ake barinsu. Ina nufin yaron da ya shekara bai riƙe wuyansa ba, da yarinyar da ta kai shekara biyar ana goya ta, ƙafafunta a sandare, yawu yana zuba a ƙirjinta. Wasunmu kan ce ɗan ruwa ne, wasu su ce aljanu ne suka musanya shi a daren haihuwa, maƙwabtanmu Asante kuma su ce nsuoba. A asibiti sunan larurar serebral palsi, wato shanyewar gaɓoɓi da ke tasowa daga rauni a ƙwaƙwalwa. Ku na zaɓa na rubuta wa saboda abin da idona yake gani kullum: kafin uwa ta iso gare mu da yaronta, ta riga ta je wajen malam, ta riga ta saurari magajiya da kakar yaro. Maganarku tana riga tamu shiga ɗaki, kuma ta fi tamu nauyi.

Ƙwaƙwalwa ce ke ba hannu da ƙafa da wuya da harshe umarnin motsi. Idan sashen da ke wannan aiki ya samu rauni tun ƙwaƙwalwar tana ɗanya, a cikin ciki ko wajen haihuwa ko a shekarun farko na rayuwa, umarnin ba zai riƙa isa ga tsokoki daidai ba. Raunin sau ɗaya yake faruwa, ba ya yaɗuwa, ba ya ƙaruwa. Abin da ke sa iyaye su ga kamar ciwon yana ci gaba shi ne ƙashin yaro yana tsawo, tsokar da ta sandare kuwa ba ta bin sa, sai gaɓa ta tanƙware. Ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta numfashi ko ta cin abinci a kwano ɗaya, kuma mai ciki za ta iya rungumar irin wannan yaro ba abin da zai samu cikinta. Daban yake da shan inna, wadda ƙwayar cuta ce ke kama jijiyoyin laka ta bar ƙafa a sake. A duniya, cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa ana samun kimanin 2 zuwa 3 da wannan larura, kuma ita ce kan gaba wajen naƙasa motsin yara. Akwai su a Ingila, akwai su a Saudiyya, akwai su a gidajen masu kuɗi da na talakawa, sai dai adadin ya fi yawa a ƙasashe irin namu.

Tun a 1861 wani likitan tiyata a Landan, William John Little, ya bayyana cewa wahalar haihuwa da haihuwar bakwaini suna barin yara da sandarewar gaɓoɓi. A 1897 Sigmund Freud, wanda a lokacin yake duba yara masu ciwon jijiya, ya ce a wasu yaran matsalar tun a cikin ciki take farawa. Binciken da ya biyo baya ya nuna kowannensu yana da gaskiyarsa. Sama da shekara 160 ke nan ana tara ilimi a kan wannan abu, mu kuwa har yau a Sawaba da Asawase da Tafo Zango ana cewa uwar ce ta yi wanka da dare, ko ta fita da almuru da ciki, ko ta tsallake wani abu a hanya.

Wani raunin hakika tun a ciki yake aukuwa. Hawan jinin mai ciki da ke kai wa ga jijjiga, zubar jini, mabiyiyar da ba ta ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata, da cututtukan da uwa kan kamu da su irin su tunjere da rubela, duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwar da ke ginuwa. Yawancin waɗannan ana gano su a wajen awo, kuma a Gana tun 2013 allurar ƙyandar da ake yi wa yara take haɗe da ta rubela. Bakwaini ya fi kowa shiga haɗari. Cikin da bai kai mako 37 ba bai cika ba, jaririn da ya zo kafin mako 32 kuwa, ko nauyinsa bai kai kilo 1.5 ba, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa ba su yi ƙwari ba, suna iya fashewa ko su kasa kai jini inda ake buƙata. Tagwaye sun fi yawan zuwa da wuri, shi ya sa suke cikin wannan sahu. Akwai allurar magnesiyam salfet da ake yi wa uwa idan naƙuda ta taso tun cikin bai yi nisa ba, tana rage haɗarin, akwai kuma wadda ke taimaka wa huhun jariri ya nuna. Amma duka biyun sai uwar tana asibiti kafin ta haihu.

Sai doguwar naƙuda. A ƙasashen da suka ci gaba, shaƙewar jariri wajen haihuwa kaso kaɗan ne na masu wannan larura, a Afirka kuwa tana cikin manyan dalilai. Mun taso ana yabon macen da ta daure, wadda ta kwana tana naƙuda ko tari ba a ji ta yi ba. Wata kuma tana zaune tana jiran maigida ya dawo daga tasha ko daga tafiya ya ba da izini. Duk sa'ar da aka ƙara, jaririn da ke ciki yana iya rasa iskar da ƙwaƙwalwarsa ke rayuwa da ita. Idan ya faɗo bai yi kuka ba, minti na farko shi ne komai: ana buƙatar hannun da ya iya hura masa iska da 'yar jakar numfashi nan take. Yayyafa masa ruwan sanyi da kaɗa masa ƙarfe a kunne ba sa buɗe huhu. Tun 2008 haihuwa da awon ciki suna cikin abin da inshorar lafiya ta ƙasa ke ɗauke wa mata. Ina roƙon malamai su faɗa a kan mumbari cewa izinin zuwa asibiti a ba da shi tun ranar da aka san akwai ciki, kada mace ta tsaya nemansa ruwa ya riga ya fashe. Ba zan ɗora wa gida laifin duka ba. Akwai matan da suka zo da wuri aka bar su a kan benci, akwai waɗanda aka yi ta turawa daga wannan asibiti zuwa wancan don babu gado, akwai waɗanda baƙar maganar ma'aikaciya ta sa suka rantse ba za su sake haihuwa a hannunmu ba. Wannan namu ne mu gyara, kuma sarakuna suna da bakin da za su tambaye mu a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ciwon shawara, domin ita ce wadda ake iya tarewa da ido kawai da kuɗin mota, kuma a cikin kwanaki bakwai na kafin suna take yin ɓarnarta. Jarirai da yawa suna yin ɗan rawaya a kwana na biyu ko na uku, saboda jininsu na farko yana narkewa, hantarsu kuma ba ta gama ƙwarewa wajen fitar da dattin ba. A mafi yawansu abin yana wucewa. A wasu kuwa sinadarin rawayan, wanda ake kira bilirubin, yana hauhawa har ya tsallaka cikin ƙwaƙwalwa ya lalata sashen da ke daidaita motsi da kuma jijiyar ji. Da zarar ya yi haka, ba a iya mayar da hannun agogo baya.

Ku dubi ɗakin mai jego a gidan haya na Zango. Taga ɗaya ce, an rufe ta da labule mai kauri don kada iska ta shiga. Ƙwan lantarkin shuɗi ne ko ja, ko kuma an ɗauke wuta. Jaririn yana naɗe cikin zane uku da hula da safa, fuskar kawai ake gani, ita ma an shafa mata hoda an zizara kwalli. Ba a fitar da shi tsakar gida sai ranar suna. Masu barka suna shiga suna fita, kowa na cewa tubarkalla, yaron nan fari ne sol, ga shi ba ya rigima, sai barci. Wannan hasken fata da wannan yawan barci su ne abin da ke tsorata ni. A ƙarƙashin gado kuma ga akwatin kayan jariri, an zuba masa ƙwallayen kafur tun cikin yana wata bakwai don kada kyankyaso ya shiga. A Afirka ta Yamma mutane da yawa, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake rubutawa G6PD, kuma ko warin kafur da ya kama riga ya isa ya farfasa jinin irin wannan jariri, shawara ta taso masa cikin sauri. Uwa ta saka kafur ne don ƙauna da tsafta. Ba wanda ya taɓa gaya mata.

Dubawar ba ta da wuya. Kowace safiya, tun daga ranar haihuwa, a fito da jariri bakin ƙofa inda hasken rana yake, a buɗe masa jiki. A danna kan hancinsa ko goshinsa da yatsa a ɗaga, a ga launin da ya bari. A duba farin idonsa da dasashinsa, a duba ƙirji da ciki, a duba tafin hannu da na ƙafa. Rawayan daga kai yake farawa ya gangara, idan ya kai tafin ƙafa abin ya yi nisa. Shawarar da ta bayyana a cikin sa'o'i 24 na farko, ko ta zo tare da ƙin kama nono, ko yawan barci, ko wani siririn kuka mai tsini, ko yaro ya riƙa banƙarewa yana mai da kai baya, wannan ba ta jiran gari ya waye. A asibiti ana auna jinin, a kwantar da jariri ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila ta musamman da ke narkar da sinadarin, idan ya yi yawa sosai a sauya masa jini. Ana yin wannan a sashen uwa da jariri na asibitin Komfo Anokye, wanda duk muke kira Jii, fitilar kuma akwai ta a wasu asibitocin gunduma. Shanya jariri a hantsi ba ya maganin shawara mai tsanani, ruwan gulukos da jiƙe-jiƙe kuma suna cika masa ciki su hana shi nonon da ke taimaka masa fitar da dattin. Haka nan macen da rukunin jininta negatif ne, akwai allurar da ake yi mata cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa don kare cikin da zai biyo baya. Ƙungiyar likitocin yara ta Gana ta ware watan Mayu don faɗakarwa a kan shawarar jarirai, amma faɗakarwar da Turanci da Tiwi ta fi yawa, ba ta cika shiga lungunanmu ba.

Iyayena magajiyoyi, nan ne nake durƙusa muku. Liman a rana ta bakwai yake zuwa, wanzami ma haka, a lokacin sau da yawa aikin gama ya gama. Ku ne kuke shiga ɗakin tun ranar farko, ku ke dafa ruwan wanka, ku ke gasa cibiya, ku ke koya wa sabuwar uwa riƙon nono. Idan Mma Magajiya ta ce a fito da yaro haske ta gani, ba surukar da za ta musa. Idan ta ce a kwashe kafur daga akwati a wanke kayan a shanya, a ranar za a yi. Kada kuma a riƙa cewa a bari a yi suna tukuna sannan a je asibiti. An sha raɗa wa jariri suna yana kwance a gadon asibiti, kuma sunan ya kama shi.

Bayan an wuce jego ma ƙwaƙwalwa tana iya samun rauni. Cutar da ta shiga jini ta cibiyar da aka shafa wa toka ko wani haɗi, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai har yaro ya yi ta jijjiga ya suma, faɗuwa daga babur ko firagiya, wato babur mai ƙafa uku, duk suna barin irin wannan tabo. Alluran awo suna kare yara daga wasu ƙwayoyin sanƙarau, kuma Gana na cikin ƙasashe uku da suka fara gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro a 2019. A wasu yaran kuma daga halittar ƙwayoyin gado ne, a wasu duk binciken likita ba ya gano dalili. Ko a irin wannan hali, rashin gano dalili bai zama hujjar ɗora wa uwa laifi ba.

Larurar ba iri ɗaya ba ce, kuma sanin irin da yaro ke da shi yana sauya yadda za a kula da shi. Mafi yawa, kimanin 8 cikin 10, masu sandarewa ne. Tsokarsu kullum a ɗaure take, idan ka zo miƙe hannun sai ka ji yana turjewa. A wasu ɓari ɗaya ne ya shanye, hannu da ƙafar dama ko na hagu: za ka ga jariri yana miƙa hannu ɗaya kawai tun bai shekara ba, ɗayan a dunƙule a jikin ƙirji, iyaye suna murna wai bahago ne ko badame tun da wuri, alhali jariri lafiyayye da hannu biyu yake wasa. Irin waɗannan galibi suna tafiya, da ɗan ɗingishi. A wasu ƙafafu biyu ne abin ya fi kamawa, hannaye da sauƙi, wannan ya fi yawa a bakwaini. Idan ka ɗaga yaron sai ƙafafun su harɗe kamar almakashi, idan ya tsaya a kan yatsu yake tsayawa, uwa kuma za ta ce maka tana shan wuya wajen buɗe cinyoyinsa ta goya shi ko ta sa masa nafkin. Mafi tsanani shi ne wanda ya kama hannaye da ƙafafu duka har da wuya da haɗiya, wanda sau da yawa yake biyo bayan mummunar shaƙewa wajen haihuwa ko sanƙarau.

Iri na biyu shi ne na masu motsin da ba su suka sa kansu ba. Hannu yana murɗewa, wuya yana juyawa, fuska tana yamutsewa, jiki ya yi tauri yanzu an jima ya saki. Idan yaro ya yi farin ciki ko ya tsorata ko ya yi niyyar ɗaukar wani abu sai motsin ya ƙaru, idan ya yi barci ya lafa. Wannan shi ne irin da shawara ta fi bari, sau da yawa tare da raunin ji. Kuma su ne aka fi kai wa wajen ruƙiyya a kan aljani ne ke murɗa su, domin da an ɗaga murya ana karatu a kansu sai jikin ya ƙara fizga, mutane su ce ga shi nan ya motsa. Ƙarar ce da tsoro suke ƙara fizgar. Abin da zai sa mutum kuka shi ne da yawa daga cikin waɗannan yara hankalinsu garau yake. Suna jin duk abin da ake faɗa a kansu, suna gane lokacin da aka kira su ɗan ruwa, bakin ne kawai ya ƙi ba su haɗin kai su amsa.

Iri na uku, wanda bai da yawa, na masu tangaɗi ne: raunin yana can ƙeya inda ake daidaita tsayuwa, yaro yana tafiya da ƙafafu a wawware, hannu yana rawa idan ya miƙa shi ga kofi. Wasu yaran kuma sun haɗa iri biyu. Likitoci suna kuma auna tsananin a mataki 5, daga wanda ke tafiya da gudu da ɗan tangarɗa har zuwa wanda sai an riƙe masa kai. Kimanin 1 cikin 3 ba sa tafiya, ma'ana mafi yawansu suna yi. Kimanin 1 cikin 4 ba sa magana. Kusan rabi ƙwaƙwalwarsu ta karatu lafiya lau take. Wasu suna da farfaɗiya, wadda ake shawo kanta da magani idan ana sha kullum ba fashi, wasu suna da matsalar gani ko ji, da yawa kuma suna fama da ciwon jiki da ba su iya faɗa.

Alamun farko su ne jariri ya kai wata 4 bai riƙe wuya ba, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko jikinsa ya cika tauri ko ya cika laushi, ko ya riƙa ƙwarewa duk lokacin da yake shan nono. A nan ne kalmar “ƙiwa ce, babansa ma bai yi tafiya da wuri ba” take cinye mana watanni masu tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙwaƙwalwar jariri tana iya koyon sababbin hanyoyi a shekaru biyun farko fiye da kowane lokaci. A faɗa wa ma'aikaciyar awo, a nemi ta tura ku wajen masu gashin ƙashi, waɗanda muke kira fisiyo.

Gaskiyar da ya wajaba a faɗa ita ce, babu maganin da ke goge raunin, a asibiti ko a wajen mai ganye ko a sansanin addu'a. Duk wanda ya ce a kawo sidi dubu kaza yaro zai miƙe cikin kwana arba'in, cin dukiyar mai rauni yake yi. Na ga mata sun sayar da keken ɗinki da zannuwan aure saboda irin wannan alkawari. Na ga yara da tsaga a gwiwa da ƙuna a tafin ƙafa, na ga wanda aka danne aka miƙe masa ƙafa da ƙarfi har ƙashi ya tsage. Addu'a kuwa ba wanda ya isa ya hana, mu ma da ita muke fara aiki, kuma ku kuka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Abin da nake roƙo shi ne idan an kawo muku yaro, ku yi masa addu'a a hankali ba tare da duka ko hayaƙi ba, sannan ku tambayi uwar ko ta kai shi asibiti, ku ce ta je ta dawo ta gaya muku abin da aka ce.

Abin da ke taimakawa ba shi da ban mamaki, haƙuri yake ci. Motsa gaɓoɓi kullum yadda fisiyo ya nuna, sauya wa yaro kwanciya, zaunar da shi ya ga mutane maimakon ya wuni yana kallon silin, takalmin gyaran ƙafa, kujerar da ke tallafe baya da kai. A ƙasar nan akwai masu haɗa irin wannan kujera da kwali da takarda da gam, kuma tana da ƙarfi. Ciyarwa ita ce babbar jarrabawa. Yawancin iyaye kwantar da yaro suke yi a cinya, kai ya koma baya, su ɗura masa koko mai ruwa-ruwa. Ta haka abinci ke bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, yaro ya yi ta ciwon ƙirji yana ramewa. A zaunar da shi a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuyo, a yi kokon da kauri a sa masa ƙuli ko ƙwai ko garin kifi, a ba shi da ƙaramin cokali kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye kafin a ƙara. Cin abinci ɗaya yana iya ɗaukar kusan sa'a guda. Uwar da ke yin wannan sau uku a rana, ta goya ɗan shekara bakwai ta ratsa cunkoson Kejetia ta hau tirotiro zuwa fisiyo, yaushe za ta kasa wake da shinkafarta ta sayar?

Allah ya gafarta malamai, a gabanku ake ɗaura aure, gabanku ake kawo shi idan ya lalace. Kun san gidaje nawa ne miji ya ce a danginsu ba a haifar irin wannan, ya tattara uwa da ɗa ya mayar gidansu, ko ya ƙaura ya daina aiko ko sisi. Kun san dangin miji kan hana 'yan'uwan yaron wasa da shi. Ɗan nasa ne, ciyar da shi wajibi ne a kansa a shari'a, Dokar Yara ta 1998 ma haka ta ce. Idan irin wannan ƙara ta zo zaurenku, ku kira uban ku gaya masa dalilan da na lissafa a sama, ku tambaye shi wanne ne a ciki matarsa ta aikata da gangan. Kun fi ni sanin tarihin Aɗa'u bin Abi Rabah, baƙar fata, gurgu, mai shanyayyen hannu, wanda ya zama mai ba da fatawa a Makka. Da an ɓoye shi a ɗaki, da wa ya san shi? Akwai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, ta raka yaro bakin rafi wai ya koma inda ya fito. Wannan kisan kai ne, kuma ina so a ji wannan kalma daga bakinku a ranar Juma'a.

Ranku ya daɗe sarakuna, doka ta riga ta ba yaran nan haƙƙi, isar da shi ne ya rage. Akwai Dokar Masu Naƙasa ta 2006, wato doka ta 715. Akwai manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 da ta ce makarantar gwamnati ta karɓi kowane yaro. Akwai kason da ake ware wa masu naƙasa daga asusun bai-ɗaya na asambuli, a Asokore Mampong da Kumasi da Tafo duka, akwai kuma tallafin kuɗi na gwamnati ga marasa ƙarfi da ake kira LEAP, da rajistar inshorar lafiya ta hannun ofishin jin daɗin jama'a. Matanmu da yawa ba su taɓa jin labarin ko ɗaya ba, wadda ta ji kuma takardun Turanci da jeka-ka-dawo sun sa ta haƙura. Kowane sarki yana da matasa masu ilimi a fadarsa. A sa biyu su zagaya gida-gida tare da magajiya, cikin sirri da mutunci, su san yaran nan, su raka iyayensu ofis tare da asambuliman na unguwa. A cire wani abu daga zakka da sadakar Juma'a a riƙa biyan kuɗin motar zuwa fisiyo, domin shi ne abin da ya fi yanke wa iyaye zuwa, kuma shi zai rage masu zama da yaro a ƙofar masallaci suna bara don ba su da wata hanya. Malaman makarantun allo da na Islamiyya su buɗe musu ƙofa. Yaron da ba ya iya riƙe allo yana iya haddacewa da kunne, wanda ba ya magana yana iya nuna harafi da ido ko da ƙafa. Masallatan da ake ginawa yanzu kuma a yi musu gangaren da keken guragu zai hau.

Ranar 6 ga Oktoba ce ranar da duniya ta ware don masu wannan larura. Ina roƙon limamai su keɓe huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita, a Babban Masallacin Kumasi da masallatan unguwanni, a yi ta da Hausa, a ambaci shawara da kafur da doguwar naƙuda da sunayensu. Bayan sallah a ba ma'aikatan lafiya 'ya'yan Zango minti goma su nuna yadda ake duba idon jariri da yadda ake zaunar da yaro a ba shi abinci. Muna da nas-nas da ungozomomi da likitoci da fisiyo a cikinmu, kuma idan fada ko masallaci ya kira mu, ranar hutunmu ma za mu zo. Magajiyoyi kuma su ba mu wuri a taron mata na wata-wata, mu zo da 'yar tsana da fitila mu yi gwaji tare.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe wa 'yarku. Allah ya ƙara wa malamai lafiya, ya ja kwanan sarakuna, ya ba iyayen yaran nan ladan ɗawainiyarsu.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
Ma'aikaciyar jinyar jarirai,
Aboabo, Kumasi.